Ambulan ɗin da Fortune ya tarar a kan teburinsa

Ranar Litinin 6 ga Janairun 1969 wani dattijo mai suna Orville Fortune ya shiga ofishinsu na kamfanin National Cash Register, wato NCR, reshen birnin Boston da ke jihar Massachusetts a Amurka, sai ya tarar da ambulan a kan teburinsa. Yana buɗewa ya ga takardar sallama ce. Adireshin gidansa aka rubuta a jiki amma ba a kai gidan ba, kuma kwanan watan da ke kanta 2 ga Disamba 1968 ne, wato takardar ta fi wata guda a rubuce shi bai san an gama da shi ba. Mutumin nan a lokacin ya haura shekara ashirin yana yi wa kamfanin tallan injinan lissafin kuɗi, irin waɗanda ake ɗorawa a kan kanta a manyan shaguna, mai karɓar kuɗi ya danna ya fitar maka da rasit aljihun kuɗin ya turo kansa waje.

Kafin in shiga labarin sai na ɗan faɗi yadda dokar aiki take a can, don in ba a gane wannan ba ba za a gane me yasa shari'ar da Fortune ya yi da kamfanin daga baya ta yi suna ba. A Amurka asalin ƙa'idar ita ce in dai ba a yanka wa aikinka wa'adi a rubuce ba, kuma ba ka cikin ƙungiyar ƙwadago da ta ƙulla muku yarjejeniya, toh aikin naka na ganin dama ne. Kai kana iya ajiyewa yau ka kama gabanka, shi ma mai kamfani yana iya ce maka daga yau kar ka dawo, ba sai ya faɗi dalili ba kuma ba dole ya baka notis ba. Wani lauya mai suna Horace Wood ne ya rubuta haka a littafinsa na dokar ubangida da bara a 1877, kotuna suka ɗauka, har a 1884 kotun ƙolin jihar Tennessee ta ce mai aiki na da ikon korar ma'aikacinsa da dalili mai kyau, ko ba dalili, ko ma da dalilin da bai dace da ɗabi'a ba. Daga baya an ɗan datse ƙa'idar, dokar 1964 ta hana kora saboda launin fata ko addini ko jinsi ko ƙasar da mutum ya fito, ta 1967 ta hana kora saboda tsufa, amma in ka cire irin waɗannan gindin maganar yana nan daram har gobe.

Shi Fortune kwantiraginsa a rubuce yake kuma ya faɗi ɓaro-ɓaro cewa kowane ɓangare na iya raba gari da ɗan'uwansa ba tare da dalili ba, da takarda kawai. Ana biyansa albashi duk sati, sannan akwai kamasho a kan duk cinikin da aka yi a yankinsa, kuma yanki a nan ba unguwa ake nufi ba, kwastomomin da aka ɗora masa ya kula da su ake nufi, ko shi ya sayar ko wani ne ya sayar kamashon nasa ne. Amma an raba kamashon gida biyu. In kwastoman yana hannunka ranar da ya sa hannu a oda kana da kashi 75 cikin 100, in yana hannunka ranar da aka kai kayan aka kafa su kana da kashi 25, in duka biyun kai ne toh ka kwashe duka. Sai kuma wani sharaɗi da yake kwance a ciki wanda ni a ganina shi ne zuciyar rigimar gaba ɗaya, cewa duk kayan da ba a fitar ba cikin wata 18 daga ranar oda haƙƙinka a kansu ya faɗi, sai fa in har yanzu kwastoman yana hannunka a lokacin da aka kai kayan, ko kuma in odar na buƙatar aikin injiniya na musamman. Ku riƙe wannan wata 18 ɗin a ranku.

Cikin kwastomominsa akwai First National Stores, wani babban kamfanin kantunan kayan abinci mai rassa barkatai a wannan yanki na Amurka. Shekara shida suna hannunsa, kuma ya sha samo oda daga wajensu har da ta dala miliyan 1 a 1963. Da kamfanin NCR ya fito da sabon inji da suka sa wa suna Class 5, Fortune ne ya dinga rubuta wa mutanen First National wasiƙu yana tallata musu, ya kuma taimaka aka shirya nuna wa manyansu yadda injin ke aiki ranar 4 ga Oktoban 1968. Gaskiya ba shi kaɗai ya yi aikin ba, kamfani ya sa tawaga guda a kai, kuma da aka zo zaman ciniki na ƙarshe inda ake daidaita farashi da sharuɗɗa shi ba ya wurin, manajoji ne suka yi. Dole a faɗi wannan don adalci. Ranar 29 ga Nuwamban 1968 First National suka sa hannu a kan odar inji 2,008 a kan kusan dala miliyan 5, za a dinga kai musu a hankali tsawon shekara huɗu. A jikin takardar odar, a gurbin da ake rubuta sunan ɗan tallan da cinikin yake nasa, sunan Fortune aka rubuta, kuma an rubuta kamashon da cinikin ya haifar, dala 92,079.99.

29 ga Nuwamba ranar Juma'a ce. 2 ga Disamba kuma Litinin. Wato ranar aiki ta farko bayan an ci wannan babbar kasuwa, ranar aka zauna aka rubuta takardar sallamar mutumin da sunansa ke jikin odar.

Da ya karanta takardar sai ya je wajen manajan reshen Boston, wanda dama suna shiri. Manaja ya ce masa taka ta ƙare, amma da suka tsaya suka duba yadda za a tafiyar da kai injina dubu biyu da ɗoriya ba tare da an samu tangarɗa ba sai ya ce masa ka zauna, ka ci gaba da abin da kake yi yanzu. Sai aka canza masa suna kawai, daga ɗan talla ya koma mai tallafa wa sashen talla, yana nan yana bin diddigin kai injinan nan zuwa kantunan First National yana kuma kula da wasu kwastomomin, aikin dai shi ne, amma a takarda kwastoman ya bar hannunsa. Wajen watan Mayu ko Yuni na 1969 kamasho ya fara shigo masa, ya duba ya ga kashi 75 ne kawai ake ba shi a kan injinan da aka kai aka kafa, ya je ya yi wa manajansa magana a kan ragowar aka ce masa ya manta da zancen. A lokacin shekararsa 61, yana da ɗa a jami'a, sai ya ga gara ya haɗiye ya yi shiru tukuna. Wallahi duk sanda na zo wannan gaɓar sai na tsaya, don duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani yana da iyali a wuya ya san wannan shirun, ba yarda ba ce, lissafin kuɗin makarantar yaro ne da tunanin wa zai ɗauki mai shekara 61 aiki in ya ɗaga murya aka nuna masa ƙofa.

Ragowar kashi 25 ɗin kuwa kamfani bai riƙe a aljihunsa ba, wani ma'aikaci aka ba, mai harhaɗa injinan da kafa su, alhali al'adar kamfanin 'yan talla kaɗai ake ba kamasho. Kuma shi wannan ma'aikacin tun a wasiƙar da kamfani ya rubuta wa First National ranar 27 ga Nuwamba, kwana biyu kafin a sa hannu, an musu alƙawarin za a ba su shi ya tsaya musu, har aka ce hidimarsa za ta ci wa kamfani sama da dala 45,000. Ni yadda na karanta abin, an yi wa kwastoma kyautar ma'aikaci don a ja ra'ayinsa, sannan aka zo aka biya wani ɓangare na kyautar daga kamashon Fortune. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan.

Haka ya ci gaba har wajen shekara ɗaya da rabi. Sai aka ce masa ya yi ritaya, ya ce ba zai yi ba, ranar 5 ga Yunin 1970 aka kore shi gaba ɗaya, yana da kusan shekara 25 a kamfanin. Ku ƙirga wata 18 daga 29 ga Nuwamban 1968, za ku faɗa ƙarshen Mayun 1970. Odar kuma ta shekara huɗu ce, ko rabin wa'adin ba a ci ba. Daga ranar da aka kore shi ko sisi bai ƙara samu ba a kan injinan da aka ci gaba da kaiwa.

Ya kai ƙara. Kamfanin NCR bai tsaya musun abin da ya faru ba sosai, hujjarsu ɗaya ce kuma mai ƙarfi ce, suka ce ga kwantiragi nan mai shari'a ya karanta, mun biya shi duk abin da takarda ta ce a biya shi, kuma takarda ta bamu ikon sallamarsa ba dalili, shikenan ina laifinmu. Alƙalin kotun farko bai rufe shari'ar a nan ba, ya miƙa wa juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su saurari shaidu su faɗi abin da suka gano, tambaya biyu. Shin kamfani ya yi da mugun nufi lokacin da ya rubuta takardar 2 ga Disamba 1968? Shin ya yi da mugun nufi lokacin da ya kore shi ranar 5 ga Yunin 1970? Juri suka ce e a duka biyun, aka yanke a biya shi dala 45,649.62, kusan rabin kamashon da ke jikin odar kenan. Kamfani ya ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ba kamfani gaskiya ta soke hukuncin, ta tsaya a kan abin da ke rubuce. Sai magana ta kai kotun ƙolin Massachusetts, wadda ta yanke hukunci a 1977, kuma Mai shari'a Ruth Abrams ce ta rubuta, mace ta farko da ta zauna a kujerar wannan kotu.

Abin da ya burge ni a hukuncin shi ne kotun ba ta yi kwana-kwana ba. Ta yarda cewa in rubutun kwantiragi kawai za a bi, Fortune ya karɓi duk abin da ya cancanta, kuma kamfani na da ikon sallamarsa. Ta kuma yarda cewa mai kamfani na buƙatar sarari ya tafiyar da kasuwancinsa, ba za a ce duk wanda zai sallama sai ya nemi izini ba. Amma ta ce a cikin kwantiragin nan akwai wani alƙawari da ba a rubuta ba amma doka tana ɗaukar yana ciki, alƙawarin kyakkyawar niyya da mu'amala ta gaskiya, cewa ɗaya ba zai yi abin da zai hana ɗayan cin amfanin yarjejeniyar da suka ƙulla ba. Don haka inda ake biyan mutum kamasho a kan aikin da ya riga ya yi, in ubangida ya sallame shi don ya kauce wa biyan wannan kamashon, toh sallamar da mugun nufi aka yi ta kuma karya kwantiragi ce. Kuma ta ce juri na da hujjar da za su kai ga wannan matsaya, ga kwanan watan takardar, ga riƙe shi da aka yi ya ci gaba da aikin da wani suna, ga kuɗin da aka ba wanda ba ɗan talla ba.

Duk wanda ya san kasuwa ya san wannan maganar tun kafin turawa su rubuta ta. Dillali ya yi ta zarya ya kawo mai saye, ciniki ya faɗa, sai mai kaya ya zagaye shi ya ce ai dama ba da kai na yi ba, don kar ya ba shi la'adarsa. Ba wanda ya ce mai kaya ba shi da ikon canza dillali, yana da shi, gobe ma yana iya kiran wani. Abin da 'yan kasuwa ba sa yarda da shi shi ne ka canza shi a daidai gaɓar da la'ada ta nuna don ka cinye ta. Iyakar abin da kotun Massachusetts ta ce kenan, kuma ta faɗa da bakinta cewa ba ta yanke hukunci ba a kan ko wannan alƙawarin yana cikin kowane aikin ganin dama.

A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimtar shari'ar, suna ɗauka daga 1977 an hana kora ba dalili a Massachusetts. Ba haka bane sam. Abin da aka kare shi ne kuɗin gumin da ka riga ka zubar, kujerarka kuwa ba wanda ya kare maka ita. Shari'o'in da suka biyo baya sun ƙara fito da wannan fili. A 1981 a shari'ar Gram da kamfanin inshora na Liberty Mutual kotun ta ce ɗan tallan inshora da aka sallama ba kyakkyawan dalili yana iya neman kamashon sabunta inshorar da ya riga ya sayar, ko da ba a tabbatar da cewa don cinye kuɗin aka kore shi ba, wannan ɗan faɗaɗawa ne. Amma a 2001 a shari'ar Harrison da kamfanin NetCentric ta ce hannun jarin da aka yi wa ma'aikaci alƙawari wanda lokacin mallakarsa bai yi ba, ba ladan aikin baya bane, ladan zaman da zai yi nan gaba ne, don haka in an sallame shi ya rasa.

Sauran jihohi kuwa kowa da kiɗansa. Tun 1974 kotun New Hampshire ta riga ta yi wani hukunci mai faɗi a shari'ar Monge, wata mata ma'aikaciyar masana'antar roba da ta ce an kore ta saboda ta ƙi fita da ogan sashensu, kotu ta ce korar da aka yi da mugunta ko ramuwa karya kwantiragi ce, kuma kotun Massachusetts ta ambaci wannan hukuncin a shari'ar Fortune. A Nevada a 1987 an yi ta Ponsock, direban motar ɗaga kaya a rumbun ajiyar K Mart, shekara tara da rabi yana aiki saura kamar wata shida fanshonsa ya tabbata aka kore shi a kan gwangwanin fenti na santi 89 da ya fesa wa motar aikinsa, kotu ta tsaya masa har da diyyar ladabtarwa. Amma New York a 1983 ta ƙi yarda ƙememe, a shari'ar Murphy, ma'aikacin sashen kuɗi mai shekara 59 da ya yi shekara 23 a kamfanin American Home Products, wanda ya ce an kore shi ne don ya tona cuwa-cuwar lissafi ta dala miliyan 50. Kotu ta ce ba za ta cusa alƙawarin da ya ci karo da ikon sallama ba, in ana son canji majalisa ta yi. Kalifoniya ta fara buɗe ƙofar sosai a 1980, sai ta dawo ta tsuke ta a shari'ar Foley ta 1988 da ta Guz ta 2000. Mafi yawan jihohi layin New York suka fi kusa da shi. Montana ce kaɗai ta yi doka a 1987 cewa bayan ma'aikaci ya wuce lokacin gwaji ba a korarsa sai da ƙwaƙƙwaran dalili, ita ma ta yanke iyakar diyya a albashin shekara huɗu.

Masu goyon bayan kamfani a wannan shari'ar suna da maganar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa Fortune babba ne ya sa hannu da idonsa a buɗe, an rubuta sharaɗin wata 18, an rubuta ikon sallama, in alƙali zai zo bayan shekaru ya ƙara wani sharaɗi daga kansa toh me amfanin rubutu, kuma wa ya san abin da ke zuciyar manaja da har za a ce nufinsa mugu ne. Na ji wannan, amma ban gamsu ba. Kamfanin ne ya tsara kamashon gida biyu don ɗan talla ya tsaya a kan kwastoma har a kafa kaya, kuma a hannun kamfanin kaɗai ikon yanke wannan tsayuwar yake. In aka ce yana iya amfani da ikon a duk ranar da kamasho ya yi kauri, toh alƙawarin kamashon babu komai a cikinsa, ƙananan ciniki kawai za a dinga biya, babba in ya zo a rubuta takarda ranar Litinin. Ba na jin akwai ɗan tallan da zai sa hannu a wannan in an karanta masa shi haka a fili. Zancen sanin zuciya kuma, kotuna kullum daga ayyuka suke gano nufi, kuma a nan ayyukan sun yi magana.

Inda raina bai kwanta ba shi ne ƙuncin kariyar. Fortune ya ci shari'a ne saboda asararsa tana da lamba, an rubuta ta a jikin oda har da santi 99. Mai shara ko mai gadi ko mai kula da tsofaffi da ya yi shekara 25 ana biyansa da awa, aka sallame shi rana tsaka don oga ya gaji da ganin fuskarsa, ba shi da wata lamba da zai nuna wa juri, kuma wannan hukuncin ba abin da zai yi masa. 'Yan'uwanmu da ke aiki a Amurka da yawansu a wannan layin suke, don haka in an miƙo maka takardar ɗaukar aiki ka nemi inda aka rubuta cewa aikin na ganin dama ne, kusan kullum yana nan, in kuma akwai kamasho ko wani kuɗi da sai an jima yake nuna ka karanta ka ga me zai faru da shi in an sallame ka kafin ranar, ka ajiye kwafin komai a gida ba a ofis ba, ka kuma san jihar da kake ciki don abin da kotun Boston za ta karɓa ta New York ba za ta saurara ba.

Shi Fortune, daga ranar da aka kore shi zuwa ranar da kotun ƙoli ta tabbatar masa da kuɗinsa shekara bakwai aka yi. Mutumin da aka ce wa ya manta da zancen yana da shekara 61 ya kusa 70 kafin a gama, wa'adin shekara huɗun kai injinan ya daɗe da wucewa, kuma abin da hukuncin ya ba shi dala 45,649.62 ne, babu maganar komawa aiki a ciki.